Yaranmu na tambaya kan yaƙin basasa, mu kuma sai mu ce musu ku yi shiru

Edita, gaisuwa da fatan alheri, ya aiki ya jama'a, ya kuma sanyi. Mu dai nan Jos sanyin bana sai a hankali.

Ni malama ce ta makarantar Lahadi a wata coci da ke Tudun Wada, ina riƙe da ajin yara 'yan shekara 8 zuwa 12, kuma na daɗe ina karanta jaridarku amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, shi ma don wani abu ne ya tsaya min a rai ya ƙi wucewa. Duk shekara ranar 15 ga Janairu kuna buga mana hotunan manya sun ajiye furanni, an saki tattabaru, sojoji sun yi fareti, wai ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Toh amma don Allah a tare yaro ɗaya a titi a tambaye shi me ya sa aka zaɓi wannan ranar. Ba zai sani ba. Bai san ranar ce a 1970 Philip Effiong, jagoran ƙarshe na Biyafara, wato yankin gabas da ya ɓalle, ya je barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon, yaƙin da aka fara 6 ga Yuli 1967 ya ƙare bayan wata 30 ba. Ba laifin yaron ba ne, mu ne ba mu faɗa masa ba.

Ga abin da ya faru. Wata Lahadi darasinmu a kan Matiyu 18 ne, inda Bitrus ya tambayi Yesu sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa, ko sau bakwai ya isa, aka ce masa bakwai har sau saba'in. Yara sun haddace, sun rera waƙa, har wani mai kan lissafi ya ɗaga hannu ya ce 490 kenan malama, kowa ya yi dariya. Muna cikin rabon biskit sai na ji hayaniya a bayan aji. Wani yaro ne, kakansa tsohon soja, da wata yarinya 'yar Ibo da aka haifa a nan Jos, babanta na da shagon kayan mota, Hausar bakinta ma ta fi tawa. A kan biskit faɗan ya fara amma kafin na ƙarasa wurin ya koma wani abu daban. Yaron ya ce mata ai kakana ya ce mun ci ku da yaƙi. Ita kuma ko ƙiftawa ba ta yi ba ta ce kakata ta ce ku ne kuka kashe mata ƙanne biyu da yunwa. Ajin ya yi tsit.

Ni kuma na yi abin da duk muke yi. Na daka musu tsawa, kai ku rufe min baki, yanzu-yanzu muka gama karatun gafara, ku ba juna hannu ku ce yi haƙuri. Suka taɓa hannu kaman wanda ya taɓa tukunya a kan wuta. Bayan an tashi yarinyar ta tsaya tana taya ni tattara kujeru, can sai ta ce, malama me zan yafe masa ne, ai bai ce sun yi komai ba. Na buɗe baki na rasa ta cewa. Har na isa gida maganar na bina.

Dalilin da ya sa ta taɓa ni haka, a ɗakin mahaifiyata har yau akwai wani tsohon keken ɗinki na ƙafa, baƙi, an lulluɓe shi da zani. Na kakata ne muke cewa amma ba nata ba ne. Na wata maƙwabciyarta ne, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, Ibo, da suke zaman gida ɗaya kafin 1966, suna aron gishiri da garwashi a wurin juna. Da abin ya ɓarke a ƙarshen damina na shekarar, matar ta kawo keken cikin dare ta ce riƙe min sai na dawo, suka nufi tasha da yara da ɗan abin da hannu zai iya ɗauka. Ba ta dawo ba. Kakata ta rayu shekaru da yawa bayan haka, tana goge keken tana sa masa mai, kuma ba ta taɓa yarda wani ya yi ɗinki da shi ba, ko ɗinkin Kirsimeti, ta ce amana ce. Muna yara mun san labarin keken, mun san matar ta gudu, amma gudun me, wa ya kore ta, babu wanda ya taɓa faɗa mana. Sai bayan rasuwar kaka wani kawuna, yana kwance ba lafiya, ya ce min cikin samarin da suka bi gida-gida da sanduna a lokacin akwai na danginmu, masu zuwa sujada ranar Lahadi. Ina da shekara kusan arba'in na ji wannan. Duk tsawon rayuwata na ɗauka wasu ne can suka yi.

Shi ya sa nake cewa Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kowane ɓangare na ƙasar nan yana da nasa rabin labarin da yake ba 'ya'yansa a ɗaki. A arewa abin da ake tunawa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, har da namu na nan Jos, Laftanar Kanar James Pam, kuma yawancin hafsoshin da suka shirya juyin 'yan kudu maso gabas ne. Wannan ciwo ne na gaske, ba wanda zai ce ba a yi ba. A gabas kuma abin da suke tunawa ramuwar 29 ga Yuli da aka kashe shugaban ƙasa Janar Aguiyi-Ironsi, ɗan Ibo, da dubban mutanensu da aka kashe a garuruwan arewa a wannan shekarar, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, teloli da 'yan kasuwa da akawu, da kisan Asaba na Oktoba 1967, sai kuma yunwa bayan an toshe musu hanyoyi, yara da kumburarren ciki da jan gashi. Yawancin ƙididdiga na cewa mutum fiye da miliyan ɗaya suka mutu, kuma yunwa ta fi harsashi ɗiba. Iyayenmu na Filato da Binuwai su ma sun tura samari soja da yawa, wasu gawarsu ma ba a gani ba. Yaro yana jin rabin gidansu kawai, ya girma da shi, ya shiga Facebook ya haɗu da mai ɗaya rabin, sai zage-zage. Makaranta da ya kamata ta haɗa musu labarin kuwa, shekaru aka yi an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi.

Ko kalmar da yaranmu ke kiran Ibo da ita, Inyamuri, an ce daga ba ni ruwa ne a yarensu. Na hana a ajina. Mutum ya roƙe ka ruwa ka mayar masa da shi suna, haba.

Ina so a fahimce ni, ban raina abin da Gowon ya yi ba. Ɗan mai wa'azi ne da ya tashi a Wusasa, asalinsa nan Filato, kuma a lokacin da duniya ke jiran ta ga an yi wa Ibo yankan rago bayan yaƙi, ya fito ya ce babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci, ya yi afuwa, ya ce a koma sulhu da sake gini da farfaɗo da mutane. A 1973 aka kafa hidimar ƙasa don matasa su san juna. Shekara tara kacal bayan yaƙi Alex Ekwueme, ɗan Ibo, ya zama mataimakin shugaban ƙasa, a 1982 kuma Shagari ya yafe wa Ojukwu, jagoran Biyafara, ya dawo daga gudun hijira a Kwaddebuwa. Ƙasashe da yawa ba su iya haka ba. Amma akwai abin da aka tsallake. An ce an yafe, ba a zauna an faɗi me aka yafe ba, kuma wa ya yafe wa wa. Mutumin da ya fito daga daji aka ba shi fam 20 komai yawan kuɗin Biyafara da ke hannunsa, wani ya koma Fatakwal ya tarar an mayar da gidansa dukiyar da aka watsar, wani na zaune a ciki, in ka ce masa babu wanda aka ci sai ya dube ka kawai. Mu a coci muna koya wa yara labarin Zakka mai karɓar haraji da ya hau bishiya, suna son wurin hawa bishiyar, amma ƙarshen labarin shi ne ya ce duk wanda na cuta zan mayar masa ninki huɗu. Wannan wurin ne muke saurin wucewa. Obasanjo ya kafa kwamitin Mai shari'a Oputa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam, mutane suka zo suka yi kuka a talabijin, Fada Matthew Kukah na sakatare a lokacin, amma gwamnati ba ta taɓa fitar da rahoton a hukumance ba. Aka bar kaza cikin gashinta.

Da na rasa amsar da zan ba yarinyar nan sai na koma labarin Yusufu, wanda na koyar ya fi a ƙirga amma ashe ban taɓa karanta shi da kyau ba. Muna ba yara shi a gajarce, 'yan'uwa suka sayar da shi, ya zama babba a Masar, ya yafe musu, shi kenan a tafa. Amma a duba Farawa 45. Da zai bayyana kansa cewa ya yi ni ne Yusufu ɗan'uwanku da kuka sayar. Ya kira abin da sunansa, a gabansu, bai ce ai ba komai ya wuce ba. Ya yi kuka da ƙarfi har mutanen waje suka ji. Kafin nan ma sai da ya gwada su da Biliyaminu ya ga ko har yanzu mutanen da za su iya watsar da ƙaninsu ne, sai da Yahuza ya ce a kama ni a madadinsa. Abin da ya fi ba ni mamaki kuma, mahaifinsu Yakubu ya yi shekara 17 a Masar kafin ya mutu, amma yana mutuwa tsoro ya sake kama su, suka ce ƙila yanzu Yusufu zai rama. Shekara 17 ana cin abinci tare zuciya ba ta kwanta ba, sai da aka sake zama aka sake magana. To mu wa ya ce mana jawabi ɗaya a rediyo zai wanke wata 30? Wata abokiyar kasuwata Musulma da na ba ta labarin ta ce ai su ma a wurinsu haka yake, sai da 'yan'uwan suka amsa cewa mun kasance masu laifi sannan Annabi Yusuf ya ce babu zargi a kanku yau. Don haka masu karatunku Musulmi kar su ga kaman maganar coci ce kawai.

Abin da na gane, mun cakuɗa abubuwa ne muna ba yara a haɗe. Yafiya tana iya fitowa daga mutum ɗaya, ko ɗaya bai nema ba, haka Yesu ya yi a kan gicciye yana roƙa wa masu kashe shi gafara, haka Istifanas ya yi ana jifansa. Ka sauke niyyar ramuwa ka bar wa Allah. Amma sulhu, wato a koma a zauna a ci a kwano ɗaya, wannan sai da mutum biyu, kuma sai an faɗi gaskiya. Hukunci kuma aikin hukuma ne, yafiyata ba ta sauke wa gwamnati nauyinta ba. Ina faɗin wannan ne saboda na sha zuwa jana'iza a ƙauyukanmu, ana binne mutane a rami ɗaya, babban mutum ya tashi ya ce wa matar da aka kashe wa miji jiya ki yafe, alhali ko mutum ɗaya ba a kama ba kuma ba za a kama ba. Wannan toshe baki ne da ayar Littafi Mai Tsarki, kuma yara suna kallo, suna koyon cewa gafara na nufin mai rauni ya yi shiru. Shi ya sa da sun kai shekara sha bakwai suke watsar da ita.

Mu a Jos ba sai an kai mu Biyafara ba kafin mu san wannan. Daga rikicin 7 ga Satumba 2001, zuwa Nuwamba 2008, zuwa Janairu 2010, kisan Dogo Nahawa, bama-baman jajibirin Kirsimeti, garin nan ya tsage gida biyu. Da a Nasarawa Gwom muke cin tuwon sallah, su ma suna zuwa mana Kirsimeti. Yanzu na tambayi ajina wa ya taɓa shiga Anguwan Rogo ta Musulmi, ko hannu ɗaya ban gani ba, kuma na tabbata in aka tambayi yaran can wa ya taɓa shiga Anguwan Rukuba ta Kirista haka za a gani. Gwamnatin tsohon gwamna Lalong ta ware 7 ga Fabrairu a matsayin ranar yafiya da sulhu a jihar nan, abu ne mai kyau, amma a ɗakin taro ake yinta da manyan riguna, yaran da za su gaji rigimar suna gida. Alhali muna da labaran da yaro zai ji ya riƙe. Liman Abubakar Abdullahi na Nghar a Barikin Ladi, da ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa a watan Yuni 2018 ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Fasto James Wuye na Kaduna da ya rasa hannu a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa da ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, da suna farautar juna yanzu suna yawon sulhu tare. Su ma ba a rana ɗaya suka amince da juna ba, sun faɗa da bakinsu.

Toh sai na yi ƙarfin hali. Lahadi biyu bayan nan na zana taswirar Najeriya a allo, karkatacciya dai, na ba su labarin tun daga 1966 har 1970 daidai hankalinsu, ban shiga bayanin jini ba amma ban ɓoye cewa mutanenmu ma sun yi ɓarna ba, na ba su labarin keken ɗinki har da maganar kawuna. Na roƙi kakan yaron da kakar yarinyar su zo. Tsohon sojan ya zo da sandarsa. Ya ce shekararsa 19 ya shiga soja, don an ce ana ba da albashi da takalmi, ko inda Inugu take bai sani ba. Yara suka fara tambaya baba ka harbi mutum, baba wace bindiga, shi kuma ya ce abin da yake gani in ya rufe ido ba faɗan ba ne, wasu yara ne da suka fito daga daji bayan an ce an gama, kamarku ɗin nan, ya miƙa wa ɗaya abinci yaron ya kasa ɗaga hannu ya karɓa. Daga nan bai ƙara magana ba, ya zauna yana murza hularsa. Jikansa ya sunkuyar da kai, ina jin bai taɓa jin wannan ɓangaren ba, na mun ci ku da yaƙi kawai ya sani.

Kakar yarinyar ba ta zo ba. Ta aiko cewa a gaishe ni, ta gode, amma ba ta shirya ba. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, kuma na faɗa wa yaran haka, cewa ba a jan mutum da igiya zuwa sulhu. Wani uba kuma ya kai ƙarata wurin dattawan coci wai ina cusa wa yara siyasa da tsokano abin da ya kwanta. Mun zauna, na ce baba in ya kwanta me ya kawo shi bakin yara 'yan shekara goma a kan biskit? Har yanzu dai ba mu gama fahimtar juna da shi ba, gaisuwarmu ma sama-sama ce.

Roƙona gare ka Edita, ku ba yara fili a jaridar nan, ko rabin shafi ne a wata, a rubuta musu tarihin yaƙin nan da Hausa mai sauƙi wadda malamin makarantar Lahadi da malamin Islamiyya za su iya ɗauka su karanta wa aji, kuma a sa na kowa a ciki, na Sardauna da na Asaba, na sojan da bai dawo ba da na yaron da yunwa ta kashe. Ku tura wakilanku wurin tsofaffin nan da rikoda tun suna da rai, wanda yake da shekara 19 a 1967 yau ya doshi 80, duk wata muna binne su da labarinsu a ciki. Akwai Hausawan da suka riƙe wa Ibo gidaje suna tara musu kuɗin haya har suka dawo, irin waɗannan ma a nemo su, yara su ji.

Keken kuwa na shawo kan mahaifiyata da ƙyar ta yarda in kai shi aji, sai dai ta ce kar yaro ya taka fedar. Da muka juya shi za mu goge sai muka ga an karce wani rubutu a ƙasan katakon da ƙusa, ba mu iya karantawa ba. Mamar yarinyar ta ce in na kawo za ta duba, ƙila suna ne, ƙila sunan gari. Ina jiran mai Keke Napep ɗin da zai yarda ya ɗauko min shi ranar Asabar, don nauyi gare shi ba kaɗan ba.

Na gode, a huta lafiya.

Wata malamar makarantar Lahadi,
Tudun Wada, Jos